Fayawol ɗin kuɗi a kwamfutar gida: kariya ce ko cin kuɗi?

Kawu: Salamu alaikum jama'a. Tunda muka haɗa sola, rautar gidana, wato na'urar da ke raba mana intanet, ba ta mutuwa, dare da rana intanet a kunne, kwamfutar yara ma haka take kwana. Wani mai shago ya ce lallai in sayi fayawol, wato manhajar da ke tare masu kutse ta intanet, irin wadda ake biya shekara-shekara, wai wadda ta zo da Windows ado ce kawai. Masana, me kuka gani?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Kawu. Kada ka ba shi ko sisi. Sana'ata ce a kasuwar Farm Centre ta Kano. Duk wanda yake bayan rauta ba ya buƙatar wata fayawol. Ko ta Windows ɗin ka kashe babu abin da zai same ka.

Injiniya: Maganarka ta farko na yarda, ta biyun kuwa a'a. Gaskiya ne rauta tana tare mafi yawan masu ƙwanƙwasawa daga waje, domin adireshi ɗaya take nuna wa duniya, na'urorin cikin gida suna ɓoye a bayanta. Kamfanonin layin waya ma sukan tara masu amfani da yawa a kan adireshi ɗaya, har Starlink da ta shigo Najeriya a 2023 haka take yi wa layin gida. To amma rauta zaure ce. Tana tsayar da baƙon waje, wanda ya riga ya shiga tsakar gida kuwa babu ruwanta da shi. Wayar ɗan maƙwabci da aka ba shi lambar sirrin Wi-Fi, laftof ɗin da aka kai makaranta aka dawo da ita, duk a tsakar gida suke.

Mai Gyara: Injiniya wannan karatun littafi ne. A aikace me ya taɓa faruwa?

Injiniya: Bairos ɗin WannaCry, watan Mayun 2017. Ta ƙofa mai lamba 445 ya riƙa bi, wadda Windows ke musayar fayil da ita. Da ya kama kwamfuta ɗaya sai ya lalubi sauran da ke layi ɗaya da ita, ba sai wani ya danna komai ba. Ya kai ƙasashe sama da 150, asibitocin gwamnatin Birtaniya sai da suka soke ganin marasa lafiya. Kuma Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta ba.

Ɗalibi: Yaya Injiniya, ai wannan hujja ce ga mai shagon. In har haɗarin ya kai haka, gara a sayi mai ƙarfi.

Injiniya: Ƙanena, mai shagon yana sayar da maganin wani zamani ne. A 2003 da 2004, lokacin bairos ɗin Blaster da Sasser, mutum zai jona Windows XP kai tsaye da intanet, babu rauta, fayawol ɗin cikinta kuma a kashe take zuwa. A lokacin fayawol na wasu kamfanoni irin su ZoneAlarm sun ci kasuwa, kuma sun cancanta. Daga sabuntawar XP ta 2004 da ake kira Service Pack 2, Microsoft ta mayar da tata a kunne tun daga farko. Ta yanzu tana toshe duk haɗin da ya taso daga waje wanda ba a ba shi izini ba. Aikin da Kawu ke nema ke nan, kuma kyauta.

Hajiya: Ni dai ban san ƙofa 445 ba, amma ina da tambaya. Laftof ɗin da nake lissafin kayan atamfa da ita, an saka mini irin ta kuɗin. Kullum sai ta fito da tambaya da Turanci, a bari ko a hana. Ni kuwa a bari nake dannawa don in samu in yi aikina. Ina amfaninta?

Mai Gyara: Allah ya saka da alheri Hajiya, kin gama magana.

Ɗalibi: Amma fa wannan tambayar ita ce bambancin. Ta Windows ba ta cika damuwa da abin da ke fita daga kwamfuta ba, ƙofar fita a buɗe take barinta. Ta kuɗi ita ce za ta gaya maka cewa wata manhaja tana ƙoƙarin aika bayananka waje.

Injiniya: Nan ka yi gaskiya, haka aka saita ta, ko da yake ana iya rubuta mata dokar fita in mutum ya iya. Sai dai ka duba abin da Hajiya ta faɗa. Gargaɗin da mai kwamfuta bai fahimta ba, a bari zai danna. Sannan bairos ɗin da ya riga ya samu ikon admin yana iya kashe mai gargaɗin, ko ya fice ta cikin burauza wadda dama an ba ta izini. Ga wanda ya san sunan kowace manhaja a injinsa tana da amfani. Ga kwamfutar da yara ke kallon katun, ban ga dalilin biyan kuɗi ba.

Malam: Tun ɗazu ina karantawa. Akwai abin da kowa ke kewayewa. Kwamfutoci nawa ne a garin nan Windows da Office ɗinsu na asali ne? Ana kai injin wajen gyara, abu na farko da ake yi kafin a saka na sata shi ne a kashe antibairos da fayawol, in ba haka ba ba zai shiga ba. Wa yake tunawa ya kunna bayan an gama?

Mai Gyara: Malam kada a ɗora mana. Mutum zai zo da tsohuwar laftof ɗin gwanjo, ya ce a cika masa komai da komai, ya miƙo abin da bai kai kuɗin lasisi ɗaya ba. Ya za mu yi?

Malam: Ban ce laifinku ne kaɗai ba. Cewa na yi da hannunmu muke shigo da abin, sannan mu zo muna gardamar wace katanga ta fi tsayi.

Injiniya: Ga kuma tsofaffin Windows. Microsoft ta daina sabunta Windows 7 tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025. Babu fayawol ɗin da za ta gyara wannan in mai injin yana buɗe duk fayil ɗin da aka turo masa. Kawu, rautar taka, an taɓa canza lambar sirrin shiga saitinta? Ba ta Wi-Fi ba, ta admin.

Kawu: Au, biyu ne?

Injiniya: Biyu ne Kawu. Bairos ɗin Mirai a 2016 da wannan ya ci duniya: yana gwada sunaye da lambobin sirrin da aka fito da su daga kamfani a kan rautoci da kyamarorin tsaro, ya mallake su. In kana da kyamara a gida da aka buɗe mata hanya don ka riƙa kallo ta waya daga kasuwa, ita ta fi kwamfutar yara buƙatar dubawa.

Mai Gyara: Wannan kam na yarda. Amma ina nan a kan bakana, ban taɓa ganin injin da kashe fayawol kaɗai ya lalata ba. Filas ne ke kashe su.

Injiniya: Wanda aka saci lambar sirrin imel ɗinsa ba wajenka zai zo ba, injinsa lafiya lau yake aiki.

Kawu: To kuɗina dai ya tsira. Injiniya, turo mini yadda ake shiga saitin rautar, amma da Hausa, kuma a murya.

Hajiya: Ni ma a gaya mini yadda zan cire tawa ba tare da lissafina ya ɓace ba.

Injiniya: Hajiya fara kwafe lissafin a wani wuri tukuna. In kin cire ta, ki shiga Windows Security ki tabbatar fayawol ɗin ciki ta koma kore, wani lokacin ba ta kunna kanta.