Wa ya taɓa ɗaura kwafin agogon matuƙa jirgi? Ku zo mu baje

Ɗan Kawo: Salamu alaikum jama'a. Wani ya kawo min kwafin IWC Big Pilot, bai ɓoye min ba, ya ce kwafi ne amma "mai lamba ɗaya". A ido wallahi ba ka cewa komai: baƙar fuska, manyan lambobi, ga ƙaton kan da ake yi wa agogon wani da shi, irin wanda aka yi don matuƙi ya murɗa ko da safar hannu. Kafin na zuba kuɗi, waɗanda suka gwada ku faɗa min gaskiya.

Mai gyara, Tudun Wada: Wa alaikumus salam ƙanena. Fuska ba ta da wahalar kwaikwayo, ciki ne ake raba gardama. Na asalin, wanda ake haɗawa a Schaffhausen ta ƙasar Siwizalan, in aka cika masa wani sau ɗaya yana kai shi kwana 7, kuma ɗan tsinken da ke wajen ƙarfe uku shi ke nuna saura nawa. Makon jiya na buɗe wani kwafi, tsinken nan ba abin da ya haɗa shi da injin, ado ne kawai. Injin kuma ɗan ƙarami, an zagaye shi da zoben roba don kar ya yi ƙwarangwal a cikin gidan mai faɗin milimita 46. Ka ajiye shi kwana biyu ka ga in bai tsaya ba.

Hajiya, Unguwar Rimi: Ni Maigida na saya wa kwafin na kamfanin Breitling, tsarabar Sallah. Wata uku lafiya lau. Damina na sauka, ruwa ya ɗan taɓa shi a hanyar masallaci, sai ga raɓa ta kwanta a cikin gilashin. Fatar madaurin kuma ta fara ɓarewa kamar albasa. Kunya ta hana shi faɗa min, sai a durowa na gan shi.

Mai gyara, Tudun Wada: Hajiya, robar da ke toshe ruwa ce ba ta da kirki. Da kin kawo da wuri kafin tsatsa, da an shanya shi.

Tsohon sojan sama, Mando: 'Ya'yana, abin da ke ba ni dariya kwafin Navitimer ne, agogon matuƙa na Breitling. Tun 1952 aka tsara zoben lambobi mai juyawa da ke kewaye da fuskarsa don lissafi: gudun jirgi, nisa, man da za a ƙona. Na karɓi na wani yaro a wajen ɗaurin aure, na daidaita 10 da 10, sai na ga sauran lambobin kowa ya kama gabansa. Na ce masa da wannan ko Zariya ba za ka kai ba. Ya ce Baba ai ni lokaci kawai nake dubawa. To, nan kam ya fi ni gaskiya.

Ɗan Barnawa: Nawa shekara biyu ke nan yana aiki, sai dai kullum yana ƙara minti ɗaya ko biyu, hasken darensa ma tuni ya mutu. Ban damu ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda nake jin haushi shi ne mai sayar maka da jabu da sunan asali, har da kwali da takarda.

Ɗan Kawo: Na gode. Malam mai gyara, gobe bayan La'asar zan shigo da shi ka buɗe bayan a gabana, in mai shi ya yarda.

Mai gyara, Tudun Wada: Allah ya kai mu. In ya ƙi a buɗe, ka miƙa masa kayansa tun a bakin ƙofa.