Tabarau na 3D: yarinya ta yi amai, Baba kuma ya kusa faɗuwa

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya kawo mana irin tabarau ɗin nan da ake ɗaurawa a fuska a kalli bidiyo kamar kana ciki. Ranar Juma'a muka sa bidiyon ɗawafi. 'Yata Ummi, shekararta 9, ko minti biyar ba ta yi ba ta cire, gumi ya karyo mata, sai amai. Baba kuwa, mai shekara 71, ya kalla har ƙarshe a zaune, yana hawaye yana salati, lafiya ƙalau. Da ya cire ya miƙe zai yi alwalar magariba, sai ya yi tangal-tangal, da ban tare shi ba da ya kai ƙasa. Abin ya tsaya min a rai. Shekaru ne, ko wata cuta ce?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara kiyayewa. Idon Ummi yana cewa ana tafiya, amma cikin kunnenta, inda 'yan bututu uku masu ruwa ke gane motsin kai, yana cewa a zaune take. Wannan saɓanin ne ke tayar da zuciya, irin na shiga mota. Yara daga shekara 6 zuwa 12 sun fi fama da shi.

Na Baba ne ya fi damuna. Idan girma ya zo, ƙwayoyin cikin kunnen suna raguwa, tafin ƙafa ma ba ya jin ƙasa kamar da, sai jiki ya jingina da ido wajen tsayuwa. To idon nan yanzu ya gama zagaya Ka'aba, bai gama dawowa ɗaki ba aka ce ya riƙe jiki. Yana shan maganin hawan jini? Miƙewa zumbur ma tana saukar da jini, ta kawo jiri.

Maman Khalifa:
Ni ma tabarau ɗin hajijiya yake sa ni, sai na runtse ido take lafawa. Kamfanin Nintendo mai yin na'urorin wasan bidiyo ma ya yi gargaɗin kada ɗan shekara 6 zuwa ƙasa ya kalli 3D a na'urarsu ta 3DS. Da zarar Ummi ta fara gumi, a cire mata, kada a ce ta daure.

Baban Ummi:
Malama, yana sha kullum da safe. Litinin zan kai shi a auna shi a zaune da kuma a tsaye. Ya riga ya ce sai ya ga Madina a tabarau ɗin, don haka zan zauna kusa da shi, ya huta sosai kafin ya miƙe.