Musayar waƙa: Bekfod mai hasumiyar Fontil

Garba Tudun Wada: Salamu alaikum. Batunmu na yau Wiliyam Bekfod na Ingila (1760–1844), mai gonaki, ɗan majalisa, mai tara zane-zane, wanda ya gina hasumiya a gidansa na Fontil. Amsa-amo "ra". Bismillah.

Uba magajin garin Landan, har sau biyu,
Ya rasu, ɗan bai cika goma a shekara.
Ya bar masa rake a tsibirin Jamaika,
Da ƙasar Wiltsha, gidaje da kadara.
Ya wakilci garin Wels, ya wakilci Hindon,
Majalisa ta san shi tun yana farin fara.
Ya sayi zanen Rafayel da na Balini,
Ga kuɗi a hannu, ga ido, ga basira.

Ɗan Kurmi:
Bazazzagi ya ji kuɗi ya rikice,
Ya kama kirari kamar mai bara.
Rake ka ce, ba ka ce wa ya shuka ba,
Bayi ne daga Afirka ke ta sara.
Bekfod ya kama hanyar Jamaika a 1787,
Ya sauka Lizbon, daga nan bai ƙara.
Majalisar ma sunansa ke zaune,
Kujerarsa kullum tana shan ƙura.

Hajiya Binta Maraɗi: Kai! Allah ya ja zamanin Kanawa. Malam Garba, a sha ruwa tukuna.

Sani Samaru: Hajiya, ai tun kafin ya buɗe baki kike tafa masa. "Shan ƙura" ne abin guɗa?

Malam Na-Gwandu: Ɗan Kurmi, ɗangonka na biyar ya karye. Karanta 1787 da baki ka ji: dubu ɗaya da ɗari bakwai da tamanin da bakwai, gaɓa 16 ke nan, ka ɗora su a kan ɗangon da ya riga ya cika. Magabata da ramzi, wato haruffa a madadin lamba, suke sa shekara, shi ya sa ba su tuntuɓe. Kai ma Garba, mene ne "farin fara"? Ka neme ta ne don amsa-amo kawai.

Ɗan Kurmi: Baba, lambar ta ido ce, ba ta baki ba. A intanet muke.

Malam Na-Gwandu: Waƙar da ba ta reruwa jawabi ce.

Garba Tudun Wada: Baba, na karɓi gyara, amma bar ni da wannan ɗan kasuwar.

Bakano, kai dai awo ka iya da tiya,
Ina ka san gini, ina ka san ƙira?
A Fontil ya kira Wayat magini,
Suka ja hasumiya sama, kamar kira.
Mita kusan casa'in ta yi a tsaye,
Dare ma ana aiki da wuta, ba a jira.
Ya ja katanga ƙafa goma sha biyu,
Mafarautan dila suka rasa dabara.
Nelsan na jiragen yaƙi ya zo baƙunci,
Kai wa ya ziyarce ka ko don hira?

Sani Samaru: Wannan shi ne baiti! Zazzau ƙasar ilimi.

Ɗan Kurmi:
Ba a jira ka ce? Ai nan ne ciwon,
Gaggawa ta hana tushe kamawa.
Sukari ya faɗi, bashi ya taso,
Fontil ta tafi hannun mai sayarwa.
Fakwaha mai albarushi ya saye ta,
Shekara uku tsakani ta yi zubewa.
Ka yabi tsawo, ka manta da tushe,
Haka baitinka ma yake rushewa.

Malam Na-Gwandu: Ga wani laifin. An ce "ra", ka koma "wa" ba sallama.

Ɗan Kurmi: "Ra" ta ƙare, Baba, Garba ya cinye ta. Har ƙira da kira ya jera.

Malam Na-Gwandu: Saura asara, ishara, shawara, takura. Ba ta ƙare ba, kai ne ka gaji. Kuma ku duka biyun ban gane bahar ɗinku ba. Ɗango ya fara kamar Mutaƙarabi, ya ƙare yana ɗingishi.

Sani Samaru: Baba, kai ma ka jefo baiti ɗaya mu auna mana. Alƙalanci daga inuwa ba wuya.

Garba Tudun Wada: Don mai son lissafi: an sayar a 1822 kan fam 330,000, hasumiya ta faɗi a Disamban 1825.

To wa ya yi wayo, ɗan Kurmi, faɗa min?
Ya karɓi kuɗinsa, wani ya yi asara.
Ya koma Bat ya gina wata hasumiyar,
Tana nan tsaye, je ka kai ziyara.

Hajiya Binta Maraɗi: Kun cika ni da hasumiya. Ga nawa, ko da ɗingishi.

Da aka soke bauta, doka ta fito,
Fam miliyan ashirin gwamnati ta tara.
Iyayen giji aka biya diyya,
Mai saran rake bai ga ko tara ba, bare goma, sai takura.
Zanen Balini yana Landan a rataye,
Mai kallo bai tambayi wa ya yi sara.

Dokar 1833 nake nufi, Baba, na fitar da lambar waje don kada ka kama ni.

Malam Na-Gwandu: Hajiya, ɗangonki na huɗu ya yi biyun 'yan'uwansa, amma na yafe.

Sani Samaru: Ka yafe? Da Malam Garba ne da yanzu an kira Halilu ɗan Ahmadu, uban ma'aunin waƙar Larabci, shaida.

Isuhu Zongo: Sallama jama'a, sai yau na samu data. Malam Garba, Wiltsha ɗin nan a Jamaika take?

Ɗan Kurmi: A Ingila take, Isuhu. Koma sama ka karanta, sannan ka zaɓi ɓangare.