Dan Allah me za mu kira bayoteknoloji da Hausa?

'Yan Kaduna masu fassara da na gidajen rediyo ku matso, akwai kalmar da nake so mu tsayar mata da suna. Bayoteknoloji. Kowa da abin da yake kiranta, wani kimiyyar halittu, wani fasahar sarrafa halitta, wasu kuma su bar ta da Turancinta su wuce abinsu.

Kimiyyar halittu dai ku cire ta tun yanzu, wannan bayolojin sakandare ce, karatun sanin abu. Ita ko bayoteknoloji sa abu mai rai aiki ake yi. Ku duba allurar ciwon hanta nau'in B da ake wa jarirai da an haife su, da can daga jinin masu ɗauke da cutar ake tace ta, sai a 1986 aka amince da sabuwa a Amurka, an ɗauko guntun bayanin gadon ƙwayar cutar an cusa cikin yis, irin na burodi fa, shi kuma ya yi ta zubo furotin ɗin bawon ƙwayar, a tace a yi allura, jiki ya gani ya haddace kamanninta alhali babu cutar a ciki. Allurar R21 ta zazzaɓin cizon sauro da Jami'ar Oxford ta ƙirƙira, kamfanin Serum na Indiya ke yi, wadda a Najeriya aka fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, ita ma wani nau'in yis ne leburanta.

Sarrafa halitta ce nake tsoro wallahi. Kar mu manta a 2003 har da jiharmu cikin waɗanda suka dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jita. Yanzu a ce ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama a wani gida a Rigasa ta ce wa maigida, Alhaji wannan allurar da fasahar sarrafa halitta aka yi ta, me kuke ganin zai ji? Za a canza wa ɗansa halittar da Allah ya yi masa, shikenan ya ja ƙyaure.

Wani ya kawo fasahar ƙwayoyi. Malam a garin nan in ka ce ƙwaya tiramol ake fara tunawa, kar ka jawo mana NDLEA.

Ni shawarata: fasahar aiki da masu rai. Ban ce fasahar rai ba, rai na Allah ne, za a sake wata rigimar.

Na ga wata 'yar'uwa ta ce ai allurar korona ta Pfizer da Moderna babu mai rai a cikinta, saƙon mRNA ne, wato umarnin ƙera wani furotin na ƙwayar cutar, a naɗe cikin ɗigon maiƙo. Gaskiya ne Hajiya, amma wa ke karanta saƙon ya ƙera furotin ɗin? Ƙwayoyin jikinki ne, na 'yan kwanaki, sai saƙon ya narke. Kin ga ba ta fita daga sunan ba. Hatta waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, na cibiyar binciken noma ta Samaru, ya shiga cikin sunan.

Tsawo kam kalmar da na kawo ta yi, na yarda. A kanun labarai a sa bayotek, a cikin labarin a warware ta sau ɗaya. Wanda yake da wadda ta fi gajarta ya ajiye a ƙasa, amma ya fara gwada ta a kunnen kakarsa tukuna.