Farfesun naman shanu da kayan lambu ya gagare ni, a taimaka

Assalamu alaikum iyayena mata da 'yan'uwa masu girki. Farfesun naman shanu da kayan lambu nake so in riƙa yi wa Baba, musamman yanzu da hunturu ya kama a Zariya, ga shi haƙoransa ba sa iya tauna mai tauri.

Ga yadda nake yi. Ina sayen kilo ɗaya a kasuwar Sabon Gari, har da ƙashi mai ɓargo. In tafasa da albasa, citta, tafarnuwa, masoro da kanumfari a kan gawayi, sannan in zuba dankalin Turawa, karas, koren wake da kabeji. To, kafin naman ya yi laushi, dankalin ya narke, kabejin ya koma kamar tsumma. In kuma na sauke da wuri don kayan lambun su tsira, sai in ga Baba yana ture naman gefen kwano yana shan romo kawai. Wallahi abin yana damuna.

Na gwada kanwa. Naman ya yi laushi, amma romon ya yi duhu, ɗanɗanon ma ya canza. Maƙwabciyata ta ce in saka ɗanyen gwanda, sai dai ina tsoron ɗaci.

Wane ɓangaren saniya zan ce mahauci ya yanko min? A wane lokaci ake zuba kowane kayan lambu, wanne ke riga wanne? Kuma in na ƙara kabewa don romon ya yi kauri, ba zai koma miyar taushe ba?

Allah ya saka da alheri.