Gawar sarki ba tsintuwa ba ce

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Yau ba mu da lacca, sai na bi abokan karatu muka je kallon kabarin Sarkin Ingila Richard na Uku a babbar majami'ar Leicester, wannan da aka tono ƙasusuwansa a wurin ajiye motoci a 2012. Tsohon ramin yana nan a tsallaken hanya, an rufe shi da gilashi ana leƙawa. Ashe ramin ma ya yi masa kaɗan, sai da aka jingina kansa da bango kafin ya shiga.

Kawu: Wa alaikumus salam. To ka je ka ga inda aka zalunci mamaci karo na biyu. An kashe mutumin nan a fagen daga a Bosworth ranar 22 ga Agusta 1485, aka tuɓe shi, aka ɗora shi a kan doki kamar buhun gero, aka kai shi Leicester aka baje wa jama'a don kowa ya tabbata ya mutu, sannan aka cusa shi a rami ba akwati. Bayan shekara 530 kuma sai a ce garin da aka yi masa wannan wulaƙanci shi zai riƙe shi? Gidansa Middleham ne a yankin Yorkshire, ya daɗe yana riƙe wa wansa Edward na Huɗu arewacin Ingila. Da labarin mutuwarsa ya isa York, majalisar birnin a kundinta ta rubuta cewa kisan gilla aka yi masa, gari na cikin baƙin ciki. Can ya kamata a mayar da shi.

Goggo: Kai Auta, karatu aka tura ka ko ziyarar kushewa? Ni tambayata ɗaya. Wa ya ce ma shi ne? Ƙashi ai ba ya magana.

Yaya Dakta: Goggo, wannan ƙashin ya yi magana kuwa. Namiji ne ɗan shekara 30 zuwa 34, Richard kuma ya mutu yana da 32. Raunuka 11 aka ƙirga a jikinsa, 9 a ƙoƙon kai, irin na takobi da gatarin yaƙi. Ƙashin bayansa a karkace yake, dama an rubuta tun zamaninsa cewa kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tsayi. Gwajin shekarun ƙashi ya nuna tsakanin 1455 da 1540. Sai babbar shaidar: wani masanin tarihi, John Ashdown-Hill, ya bi tsatson yayarsa Anne ta ɓangaren mata zalla, uwa zuwa 'ya, har ya iso kan wani kafinta haifaffen Kanada mai zama a Landan, Michael Ibsen. Turi King ta Jami'ar Leicester ta gwada ƙwayar halittar da ake gada daga uwa, ta zo ɗaya. A 2014 suka ce tabbacin ya kai kashi 99.999 cikin 100.

Goggo: Ta ɓangaren uba fa?

Yaya Dakta: Nan ne abin kunya ya fito. An gwada maza biyar daga zuriyar gidan Beaufort, waɗanda a takarda kakansu ɗaya da shi, ba ko ɗaya da ya dace. Ma'ana a wani wuri cikin ɗaruruwan shekarun nan akwai ɗan da ba na ubansa ba ne.

Goggo: Subhanallahi. Kun gani ko? An tone kabari ɗaya, asirin matan mutane ya tonu.

Barista: Kawu, ku yi haƙuri, ni a nan zan saɓa muku. Maganarku ta tausayi ce, ba ta shari'a ba. Kafin a taɓa ƙashi ko ɗaya sai da jami'ar ta karɓi lasisi daga Ma'aikatar Shari'a, kuma a ciki an rubuta cewa in an samu, a majami'ar Leicester za a sake binnewa ko wani wurin da ya halatta. Ƙa'idar masu tonon kayan tarihi ita ce a mayar da mamaci maƙabarta mafi kusa. Wasu da ke cewa su dangi ne, ƙungiyar Plantagenet Alliance, sun kai ƙara suna neman a tuntuɓe su. Alƙalai uku na Babbar Kotu suka yi watsi da ita ranar 23 ga Mayu 2014. Ɗan Richard na sunna ɗaya ne, ya riga shi mutuwa a 1484. Jikokin 'yan'uwansa kuwa a yau sun kai miliyoyi. Wanne za a tambaya, wanne za a bari?

Kawu: Kai lauya ne, dole ka ce haka. Lasisin nan wa ya nema? Mutanen Leicester. Wa ya rubuta inda za a binne? Su. Kura ce aka ba ajiyar nama. Gawar sarki ba tsintuwa ba ce da za a ce wanda ya gani shi ke da ita. Ko tsintuwar ma ai cigiya ake yi. Mutumin da ya shirya kafa wurin addu'a mai limamai 100 a babbar majami'ar York, kana ganin don wa ya yi? Wannan ai wasiyya ce a aikace.

Barista: Wasiyya a aikace ba wasiyya ba ce, Kawu. Babu takardar da ya ce a binne shi a York. Matarsa Anne Neville ta rasu a watan Maris 1485, yana kan mulki, a ina ya binne ta? Westminster, a Landan. Sannan batun wulaƙanci, ba a bola aka jefa shi ba. A cikin cocin sufayen Greyfriars aka sa shi, a ɓangaren da ake ware wa manya, kuma bayan kamar shekara 10 Henry na Bakwai, wanda ya kayar da shi, ya biya aka gina masa kabari. Rushe cocin da aka yi a 1538 ne ya ɓatar da wurin. Ga wadda ta fi: hukumar majami'ar York ɗin da kanta ta fitar da sanarwa a 2013 cewa a bar shi a Leicester. Mai ɗaki ya ce ba ya so, ku kuna cewa sai an shigar masa.

Kawu: Shugabannin coci suka ce, ba mutanen gari ba. Dubbansu sun sa hannu a takardar koke.

Goggo: Ni abin da ya tsaya mini ba gari ba ne. Na ji an ce ɗan Katolika ne, aka kai shi cocin Angilika. Mutum ko wane addini yake bi, ai a kansa ya kamata a sallame shi.

Auta: Goggo, haka ne, a zamaninsa babu Angilika ma, sai bayan da Henry na Takwas ya ɓalle daga Fafaroma. Amma an ɗan gyara. Kadinal Vincent Nichols ya yi masa addu'ar Katolika a wani coci a garin kwana uku kafin binnewa, an kuma sa masa carbinsu a cikin akwati. Ranar 26 ga Maris 2015 Justin Welby, shugaban cocin Angilika na lokacin, ya jagoranci binnewar. Akwatin ma Ibsen ɗin ne ya ƙera da hannunsa.

Barista: Kuma majami'ar York ɗin da Kawu ke so, ita ma ta Angilika ce.

Yaya Dakta: Ku duka kuna ta rigimar inda za a karrama shi, ni ban ga wanda ya tambaya ko ya cancanci karramawar ba. Wansa ya mutu a 1483 ya bar masa amanar yara biyu, Edward mai shekara 12 da ƙanensa mai 9. Ya sa aka ce ba 'ya'yan halak ba ne, ya hau kujerar, yaran suna Hasumiyar Landan, daga wannan shekarar ba a sake ganinsu ba. Biri ya yi kama da mutum. Shi ne aka kashe wa wajen fam miliyan 2.5, mutane na jefa wa akwatinsa fararen furanni.

Kawu: Ke kin gani? Labarin nan waɗanda suka ƙwace mulkinsa ne suka yaɗa shi, Thomas More ya rubuta, Shakespeare ya zo ya ƙara gishiri, ya mai da shi mai doro mai shanyayyen hannu. Ƙasusuwan da kike taƙama da su, sun nuna shanyayyen hannu?

Yaya Dakta: Ba su nuna ba, hannayensa lafiya lau. Amma sun nuna karkataccen baya, abin da magoya bayansa suka shekara suna rantsuwa ƙarya ce. Ita kanta Philippa Langley da ta jagoranci neman kabarin sai da jikinta ya yi sanyi da ta gani. In maƙiyi ya yi gaskiya a baya, me ya hana ya yi a kan yaran? Akwai ƙasusuwan yara biyu da aka tsinta a Hasumiyar a 1674, suna Westminster cikin tulu. An duba su a 1933, amma har yau ba a yarda a yi musu gwajin ƙwayar halitta ba.

Kawu: Ko an yi, sai dai ya nuna su waye, ba zai nuna wanda ya kashe su ba.

Yaya Dakta: Wannan kam gaskiyarku ne.

Abba: Ni dai na san abu ɗaya. Lokacin da aka binne shi Leicester City ce ta ƙarshe a teburin Firimiya. Ta tsira a wannan kakar, a 2016 ta ɗauki kofi, har ta sayi Ahmed Musa. Sarki ya ji daɗin masauki, Kawu.

Goggo: Camfi. A 2023 da suka faɗa gajiyayyu, tafiya ya yi?

Auta: Kawu, wani abu da na manta. Mai yi mana bayani ya ce an ɗebo ƙasa daga wurare uku an sa masa a kabarin: Fotheringhay inda aka haife shi, da Middleham, da Bosworth.

Kawu: Ka ji ko, Barista? Da sun yarda a gidansa yake, me zai sa su aika a ɗebo ƙasar Middleham?

Barista: Ta Bosworth ma an ɗebo, Kawu. Ko can ma gidansa ne?