Salsalar kaya: neman sunan Hausa ga "supply chain"

1/ Jama'a, ina neman shawararku. Ina rubuta bayani kan dokar yaƙi da bautar zamani da Birtaniya ta kafa a 2015, sai wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro: "supply chain". Dokar ta wajabta wa duk kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya riƙa fitar da sanarwa kan matakan da ya ɗauka don kada a samu aikin tilas a harkarsa, har da wannan abin da nake nema wa suna.

2/ Ku ɗauki buhun koko. A wata gona a Kwaddibuwa, yaro riƙe da adda yana fasa 'ya'yan koko, wataƙila safararsa aka yi daga Mali ko Burkina Faso, ba makaranta, ba albashi. Manomi ya shanya, ɗan sari ya zo da babur ya saya, ya miƙa wa babban dillali, a loda a tashar jiragen ruwa ta Abijan ko San Pedro, a niƙa a Turai, ya zama cakulan a kanti. Mai kantin bai taɓa ganin yaron ba. Wannan jerin hannuwan nake so a raɗa wa suna.

3/ Na ga masu cewa "sarƙar samar da kaya". Ban gamsu ba. Sarƙa a kunnen Bahaushe ta wuya ce, ko wadda ake ɗaure mutum da ita. A rubutun da ke magana kan bauta, mai karatu zai ɗauka ta ɗaure bayi ake nufi.

4/ Wani ya kawo "hanyar kaya". Ta yi kama da maganar direbobin tirela, babu mutane a cikinta.

5/ Ni dai "salsalar kaya" ta fi kwanta mini. Asalinta silsila ce ta Larabci, amma mun daɗe da mayar da ita tamu: kafin a ba da aure ana binciken asali da salsala. Malaman hadisi ma ba sa karɓar ruwaya sai sun bi masu ruwayar ɗaya bayan ɗaya, mutum guda ya yi rauni sai hadisin ya raunana. Abin da ake nema daga kamfani ke nan: daga wa ka saya, shi kuma daga wa? An ƙwace wa ma'aikaci fasfo? An ɗaure shi da bashin da ba ya ƙarewa?

6/ Ta kuma ba mu aikatau a sauƙaƙe: "kamfani ya bi salsalar kayansa". Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 28 na cikin aikin tilas, saboda haka kalmar za ta sha aiki.

7/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi, salsala tana da wannan ma'ana a wajenku? In babu gyara, da ita zan rubuta.